Mashin da Waziri Ya Hana Garinsu

An yi wani sarki a ƙasar Zangarma, sunansa Ɗanbaro, mai kwarjini ne ƙwarai, wanda in ya yi shiru a fada ko tari ba mai iya yi. Wata shekara, bayan doguwar fitina da maƙwabta, annoba ta faɗa wa dawakinsa, mayaƙansa suka ragu har ba a iya haɗa fiye da runduna biyu, alhali wuraren da ke buƙatar tsaro uku ne: Mashigin Kada, inda mahara kan ƙetaro kogi su auka wa gonaki, Rijiyoyin Gabas, inda ayari da makiyaya ke shan ruwa da rani, sai Tudun Kanya, wani ƙaramin gari a bakin dajin arewa.

Al'adar ƙasar kuwa, idan za a kafa sansani, akan shimfiɗa rairayi a tsakar fada, a zana ƙasar a kai, a miƙa wa waziri mashi ɗaya domin kowace runduna. Inda ya kafa mashi nan runduna za ta zauna, kuma ba a zare shi sai shekara ta zagayo, ko da sarki ne ya yi nadama.

Wazirin, Ƙasimu, mutumin Tudun Kanya ne. Can mahaifiyarsa take, tsohuwa mai taurin kai, wadda ya sha aika wa raƙumi don ta dawo birni, ita kuwa ta ce ba ta barin garin da aka binne mijinta. Kowa ya san da haka, shi ya sa ranar kafa mashi har fadawan da ba su san sammako ba suka riga mai shara isowa, don mutane ba su ƙi kallon babba ya shiga tsaka mai wuya ba.

Da aka miƙa masa mashi biyun, Ƙasimu ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, mashi ba ya sanin mazauninsa sai an san abin da ake tsaro. Shin gadon sarauta muke karewa, ko faɗin ƙasa, ko kuwa rayukan talakawa da abincinsu? Kowace amsa da inda take kai runduna."

Sarki ya dube shi, ya ce, "Talakawa da abincinsu, Waziri. Gadon sarauta itace ne, masassaƙi ya iya yin wani."

Amsar ta yi wa Ƙasimu nauyi, domin da sarki ya ce faɗin ƙasa, da Tudun Kanya ya sami runduna da hujja, tunda shi ne a kan iyaka. Ya miƙe ya kafa na farko a Mashigin Kada, inda rumbunan ƙasar suke. Ya tsaya da na biyu a hannu, yana duban ɗan tudun rairayin da aka tara a madadin garinsu, sai ya ga kamar tsohuwar ce zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Sarkin Yaƙi, wanda abokinsa ne tun ƙuruciya, ya matso ya raɗa masa, "Kafa a gida, Waziri, ba wanda zai zarge ka."

Ƙasimu ya ce, "Masu shan ruwa a Gabas sun ninka mutanen garinmu, kuma kowannensu da uwarsa." Ya kafa mashin a Rijiyoyin Gabas, hawaye na bin gemunsa.

Sa'an nan ya sake durƙusawa ya ce, "Ranka ya daɗe, na sauke amanar sarki, saura ta mahaifiya. Ina roƙon a karɓi rawanin nan, in koma Tudun Kanya in zauna, abin da zai same ta ya same mu tare."

Tsoro ya kama mutane. Sai sarki ya tashi tsaye, ya sauko daga karaga, abin da ba a taɓa gani ba a tsakiyar zaman fada. Ya taka rairayin da ƙafarsa, ya nufi shugaban masu tsaron fada, ya karɓi mashin da ke hannunsa, ya miƙa wa Ƙasimu. Ya ce, "Al'ada ba ta yarje mini in kafa ba. Kafa shi a garinku, masu tsarona su tashi gobe."

Ƙasimu ya razana, ya ce, "Allah ya taimaki sarki, to wa zai tsare fada?"

Sarki ya ce, "Kai ka tambaye ni, na kuma amsa a gaban jama'a. Da ka karkata zuwa gida, da na riƙe masu tsarona, don ƙasar da wazirinta ya karkata ba a kwana a cikinta ƙofa buɗe. Riƙe rawaninka, ga alkyabbata ƙari."

Fada ta ɗauki kabbara, tsofaffi na rantsuwa ba su taɓa ganin irin wannan rana ba. Ƙasimu ya kafa mashin a Tudun Kanya. Shekarar nan sarki ya yi ta ba mai gadi a ƙofarsa sai wani tsohon dogari, ba kuwa wanda ya ɗaga masa yatsa.

Masana suka ce, mai mulkin da ya tura masu tsaronsa su tsare talakawa, adalcinsa ne ke kwana a bakin ƙofarsa.