Tayoyin da Suka Kwana a Gadon Maiwada

Akwai wani mai facin taya ɗan Gumel, sunansa Maiwada, wanda ya sauka Riyad wajen 1976, lokacin da kuɗin fetur ya fara malala a Saudiyya. Kada wanda ya tambaye ni inda na ji. Na san halinku, mutum ya ba ku labari kyauta ku tsare shi da neman shaidu.

Maiwada yana aiki a wani banshar da ke Manfuha, wato shagon faci. Mai shagon, wanda kuma shi ne kafilinsa, wato mai tsaya masa a ƙasar, wani ɗan kasuwa ne da ake kira Abu Nasir. Mutumin kirki ne, sai dai yana da ciwo ɗaya: tseren mota.

A wancan zamanin akan shimfiɗa sabon titi a bayan gari, ya yi watanni ba a buɗe shi ba. Kowace Juma'a da sassafe masu hali sukan taru a irin wannan titin, a jera motoci biyu, a sake su tsawon mita ɗari huɗu a miƙe. Zagaye uku ake yi, wanda ya ci biyu shi ne gwani.

Juma'a uku a jere jar motar Abu Nasir tana shan ƙasa a hannun wata baƙar mota. Direban baƙar kuwa Isiyaku ne, Bakano, ɗaki ɗaya suke kwana da Maiwada. Isiyaku irin mutanen nan ne da sai ya duba gashin bakinsa a madubin mota kafin ya amsa sallama.

Haushi ya sa Abu Nasir ya yi odar tayoyin tsere daga Amurka. Ranar Laraba suka iso, guda biyu na baya, faffaɗa, sumul ba zane ko ɗaya, suna sheƙi a cikin takarda. Jirgin da ya kawo su ya kawo wa ubangidan Isiyaku irinsu sak.

Abu Nasir ya shafa su ya ce, "Ya Maiwada, kada ko ƙuda ya sauka a kansu. Sai safiyar Juma'a za ka ɗaura."

Maiwada ya danna farce a jikin robar, ya shinshina. Ya ce, "Ya mudir," wato maigida, "a ba ni su yau in gasa su."

"Ka gasa? Kaza ce?"

"In ɗaura su, in yi tafiya a hankali har su ɗau zafi ciki da waje. Sannan in kwance, su huce a inuwa kwana ɗaya da yini, ba nauyi a kansu. Ɗanyar roba ce. Idan zafinta na farko ya zo mata a filin tsere, za ta yi kyau sau ɗaya, daga nan ta saki."

Abu Nasir ya ce, "Wallahi ban taɓa jin wanda ya sayi sabo ya tsofar da shi da hannunsa ba."

Maiwada bai yi boko ba, amma ya shekara goma sha huɗu yana facin wuta a tashar manyan motoci. Ya ga facin da aka bari ya huce da kansa yana kai Legas ya dawo. Ya ga wanda direba ya matsa aka ɗaura da zafinsa yana ɓallewa kafin Zariya. Ya ce, "Ko sabuwar tukunyar ƙasa ba a ɗora mata girkin biki ranar da aka sayo ta."

"Idan na faɗi fa?"

Maiwada ya yi lissafi. Saura kwana goma sha biyu iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta ƙare, kuma sabunta ta a hannun Abu Nasir take. Babu iƙama, babu zama. Da ya ce "yadda ka ce, mudir", da ya kwana lafiya, a faɗi ko a ci ba ruwansa. Amma ya san abin da zai faru da tayoyin, kuma bakinsa ya ƙi rufuwa.

Ya ce, "Idan ka faɗi, kada ka sabunta mini."

Abu Nasir ya dube shi tun daga hula har silifa. Ya jefa masa makulli. "Khalas. Kai ka faɗa."

Bayan La'asar Maiwada ya fita da jar motar zuwa bayan gari. Motar da ke ruri kamar zaki, ya riƙa lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya ƙara gudu kaɗan kaɗan, bai bari taya ta yi ƙara ko sau ɗaya ba. Yakan tsaya ya ɗora tafin hannu a gefe, a tsakiya, a ɗaya gefen. Sai da zafin ya daidaita, hannu ba ya iya jimawa a kai, sannan ya juyo. Wani mai tankar ruwa ma ya wuce shi yana masa hon.

A shago babu inuwar kirki, rufin kwano ne. Don haka ya gungura tayoyin har ɗakinsu, ya kwantar da su a kan gadonsa, ya ja labule. Shi ya shimfiɗa tabarma.

Isiyaku ya shigo ya tarar da su. Ya yi dariya har da riƙe ƙofa.

"Malam Maiwada, baƙi muka yi? A kawo musu shayi?"

"Hutawa suke."

"Ai namu suna nan a takarda, ko iska ba ta taɓa su ba. Kai ka mai da na mutum gwanjo. In za ka tafi gida akwai rediyon da zan ba ka ka kai wa tsohuwata."

Maiwada ya ce, "Allah ya kai mu Juma'a."

Ranar Alhamis Abu Nasir ya zo da abokai biyu, yana so a ɗaura ya nuna musu gudu ɗaya kacal. Maiwada ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ba su gama hucewa ba. Abu Nasir ya ce motarsa ce, tayarsa ce. Maiwada ya ce haka ne, amma iƙamar tasa ce, kuma ita ce a kan faifai. Abokan suka kwashe da dariya, Abu Nasir ya tafi yana gunaguni da Larabci irin wanda ba a koyarwa a makaranta.

Safiyar Juma'a aka jera. Tayoyin baƙar mota suna ƙyalli, na ja sun dushe. Isiyaku ya murza nasa a tsaye har hayaƙi ya rufe jama'a, aka yi ta tafi. Maiwada ya sunkuya ta taga ya ce wa Abu Nasir, "Murza kaɗan kawai, ƙura ta fita. Kada ka biye masa."

Aka saki ghutra, ƙyallen kan nan nasu, alamar a tashi. Baƙar mota ta ci zagayen farko da tsawon hannu.

Abu Nasir ya dawo. Kallo ɗaya ya yi wa Maiwada. Isiyaku ya leƙo ya ce, "Rediyon tana ƙarƙashin gadona."

 Maiwada ya durƙusa ya taɓa tayoyinsa, ya ji su da ɗumi da danƙo kamar yadda yake so. Ya saci kallon na Isiyaku, ya ga fuskarsu ta fara maiƙo, robar tana murmushewa a gefe. Ya miƙe ya ce, "Ya mudir, yadda ka yi ɗazu, haka za ka sake. Kada ka canza komai."

Zagaye na biyu, Isiyaku ya ƙara hayaƙi fiye da na farko, don tafin ya yi masa daɗi. Da aka sake su, bayan motarsa ya yi rawa, ja ta wuce da tsawon mota guda.

Zagaye na uku, baƙar ta tsaya tana ihu a wuri ɗaya kamar an ɗaure ta da igiya. Kafin ta kama ƙasa, Abu Nasir ya kai rabi.

Ana cikin hayaniya ubangidan Isiyaku ya ratso jama'a, ya tsuguna ya shafa tayoyin jar mota. Ya ce, "Ya Abu Nasir, jirgi ɗaya ya kawo mana su. Wa yake duba maka taya? Ina neman irinsa, kuma a shirye nake in karɓi kafalarsa yau."

Abu Nasir ya matsa a hankali har ya kare Maiwada da faɗin rigarsa. Ya ce, "Babu kowa. Ikon Allah ne."

Sannan ya juyo ya yi ƙasa da murya. "Gobe da safe kafin ka buɗe shago, ka zo da hotonka guda biyu, a sabunta maka iƙama. Kuma kada ka tsaya gaisawa da mutumin nan."

Darasi: Sabon abu ba ya nufin shiryayyen abu, kuma wanda ya san sana'arsa ya faɗi gaskiyarta ko da abincinsa ne a kan faifai. Zagayen farko na mai gaggawa ne, amma ba a nan ake tashi ba. Ku tura wa 'yan uwa su amfana. Na ga masu karantawa su sulale ko sannu babu, kamar yatsuna ba sa gajiya. Na yafe, amma ku tura.