Hannu Ɗaya Laima, Hannu Ɗaya Igiya

Marlene mai gyara min gashi ce ta fara ba ni labarin nan. Kaina na cikin kumfa, ita kuma tana share ido da bayan hannu.

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu nan Tacoma, sunanta Lorraine. Shekarunta saba'in da takwas. Mijinta ya rasu ya bar mata kare ɗaya, Buster, ƙato ne, in ya ga kurege hankalinsa ya tafi.

Ɗanta Darrell ya riga ya faɗa mata ba ɓoyo: "Mama, kika ƙara faɗuwa sau ɗaya, gidan tsofaffi za ki koma." Gidan da ya samo kuwa ba sa karɓar kare.

Kun san Nuwambarmu, ruwa ba ya ɗaukewa. Maƙwabcinta Hollis, tsohon direban bas, ya kawo mata rigar ruwan matarsa mai hula.

"Haba Lorraine, sa wannan ki ajiye laimar nan. Wannan jakin naki hannu biyu yake so. Ko ki bar min shi ranar ruwa."

"In danne gashin da aka gyara min jiya da hula? Kai da ba ka da ko sili ɗaya a ka, me ka sani? Kuma Darrell ya ji wani ke fita min da kare, ai ka gama da ni."

Hollis ya shafa sanƙonsa ya yi dariya, ya koma da rigar.

Ranar Asabar ta fito, laima a hannun dama. Igiyar karen ta jiƙe tana santsi, sai ta naɗe ta sau uku a wuyan hannun hagu don kada ta kuɓuce. A ganinta dabara ce.

Kurege ya gifta. Buster ya zabura. Ganyen da ya zube a hanya ya jiƙe sharkaf, ga igiya ta ƙi sakin hannu. Ya ja ta ta faɗi a kan ƙugunta.

Tana kwance ruwa na zuba mata a fuska, ta kasa tashi, ta kasa kwance igiyar. Karen ya dawo yana lasar kunnenta yana kuka. Haka Hollis ya same su.

"Kada ka kira Darrell," ta ce. "Ɗaga ni kawai. Ba wanda zai sani."

"Ƙafarki ta juya, Lorraine. Ba zan taɓa ki ba."

Ya cire rigarsa ya rufa mata, ya kira motar asibiti. Ta roƙe shi har motar ta iso. Shi ma kuka yake.

Ƙugun ya karye. Ba ta ƙara kwana a gidanta ba.

Hollis ɗin da ta yi wa ba'a shi ya ɗauki Buster. Duk Lahadi yakan kai shi bakin tagar ɗakinta a gidan tsofaffin, su tsaya cikin ruwa. Karen ya manna hanci a gilashi, ita ta ɗora tafin hannu daga ciki. Iyakarta ke nan.

Marlene ta ce min, "Ni na gyara wa Lorraine gashin nan." Na dubi wuyan hannuna. Ni ma haka nake naɗe igiyar 'yar karyata, shekara tara.

Washegari da safe ana ruwa. Na jingine laimata a bayan ƙofa, na sa tsohuwar rigar ruwan jikata, na ja hular har goshi a kan sabon gyaran. Na riƙe igiyar a tafin hannu, yadda zan iya saki. Sannan na buga wa maƙwabciyata ƙofa na ce ta raka mu.

Darasi: Ranar ruwa, bar hannuwanki biyu a sake, kada ki ɗaure kanki da kare, kuma in an miƙo miki taimako ki karɓa tun kina tsaye da ƙafarki. Ku tura wa duk tsohon da kuka sani mai kare da taurin kai irin namu.