Takwara ga Ɗan Sallau Wanzami

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Wata shari'a ce ta gagari dattawan Tungar Marke, na kawo muku ita in ga ko ku za ku iya raba ta.

A garin akwai wani wanzami mai suna Sallau. Hannunsa sanyi gare shi, har jariri kan yi barci yana yi masa askin suna. Ga shi da ba'a, kowa nasa ne. Yana cikin ƙarfinsa ciwo ya same shi. Da farko barci ne ya ƙaurace masa. Daga nan ya soma jin muryoyin da ba mai jin su sai shi, suna ce masa mutanen gari na shirin halaka shi. Ya daina cin abincin kowa, har na matarsa Tasalla. Ran da ya shiga kasuwa da aska a hannu yana surutai, bai taɓa kowa ba, amma 'yan'uwansa suka tsorata. Suka karɓe kayan aikinsa, suka sa masa mari a ƙafa, suka rufe shi a ɗakin baya. Ba mugunta ba ce, iyakar abin da suka sani ke nan. Iyayen Tasalla suka zo suka tafi da 'yarsu tana kuka. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, Sallau na ɗaure.

Na farko a cikin mutanen da nake son ku auna shi ne Ilyasu. Ma'aikacin asibiti ne, amma ba likita ba, ko allura ba ya yi. Aikinsa ya nemo masu taɓin hankali ya sada su da likita, in sun samu sauƙi kuma ya sada su da mutanen da za su riƙe su a gari. Da labarin Sallau ya iske shi, ya hau babur ya zo. Wan Sallau ya tare shi a ƙofar gida ya ce ba su da mara lafiya. Ilyasu ya gaishe shi ya tafi. Ya dawo, aka ƙi. Ya sake dawowa, ya taya su sussukar gero, bai ɗauko maganar ba. Sai da sabo ya shiga tsakani aka buɗe masa ɗakin. Ya zauna a ƙasa kusa da marin, ya ce, "Malam Sallau, ni ne baƙon da ke damun gidanku da sallama." Sallau ya ɗago kai. Ilyasu ya yi ta zuwa har ran da Sallau ya yarda da bakinsa a kai shi wurin likita. Aka kira maƙeri ya cire marin. Da magani ya bi jikinsa, muryoyin suka ja baya, barci ya dawo.

Sai dai da ya koma gida, ba mai zuwa wurinsa. Yakan wuni a zaure yana kallon bango. Ilyasu ya bi majalisun gari yana neman inda za a ba Sallau wurin zama, kowa na kawo uzuri, har ya zo teburin Mati mai shayi.

Mati shi ne na biyu. Da can abokin wasan Sallau ne. Ya ce, "A turo min shi, na daɗe ban samu wanda zan zolaya ba." Ran da Sallau ya fara zama a bencinsa, masu shan shayi suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ciniki ya yi sanyi, matar Mati ta yi magana, Mati ya ce benci nasa ne. Kullum da safe yakan haɗa masa shayi, ya tsokane shi har ya yi dariya. Sannu a hankali mutane suka dawo. Wata rana Mati ya lura kofi na rawa a hannun Sallau. Bayan kwanaki rawar ta daina, amma sai ga Sallau ya koma waige-waige, yana shinshina shayin kafin ya sha. Mati ya jira aka watse, ya ce, "Wanzam, ka bar shan maganin, ko?" Sallau ya sunkuyar da kai ya ce, "Yana sa hannuna rawa. Wanzamin da hannunsa ke rawa, me ya rage masa?" Mati bai yi masa faɗa ba. Ya rufe tebur da rana tsaka, ya kira Ilyasu, suka raka shi wurin likita. Likita ya sauya magani. Hannu ya tsaya, hankali ma ya tsaya. Da an ƙara ɗan lokaci ba a gane ba, da ɗakin baya zai koma.

Aka mayar masa da kayan aikinsa. Ya wasa askarsa, ya shimfiɗa tabarma ranar kasuwa. Mutane suka yi ta gaishe shi daga nesa suna wucewa. Kowa na sonsa, amma ba mai miƙa wuyansa. Kasuwa ta ci ta watse, wata ta sake ci, ba wanda ya zauna. Sallau ya ce wa Mati shi kam zai bar garin.

Ilyasu ya je wurin na uku, Baba Nomau, tsohon manomi wanda maganarsa ke da nauyi a Tungar Marke. Bai roƙe shi komai ba, ya dai ba shi labarin halin da Sallau ke ciki. Tsohon ya ce ya ji. Ranar kasuwa, da rana ta take, ya ratso jama'a da sandarsa, ya cire hula ya zauna a tabarmar. 'Ya'yansa suka ruga suna cewa, "Baba, ka tashi don Allah." Ya ce, "Gemun naku ne?" Ya ɗaga haɓa, ya rufe ido. Sallau ya yi bismilla, ya bi kai, ya bi wuya, ko ƙwarzane babu. Da ya gama, hawaye na zuba a fuskar Sallau. Tsohon ya shafa kansa ya ce, "Jibi sunan jikana. Kada ka makara, ɗana." Sallau ya je, ya aske jaririn a gaban uwarsa. Tun daga ranar ba a rasa mutum a tabarmarsa.

Da iyayen Tasalla suka ga haka, suka bar ta ta dawo ɗakinta. Shekara ta zagayo, ta haifi ɗa namiji. Sallau ya yi niyyar yi wa wanda ya cece shi takwara, sai ya rasa wanda zai zaɓa. Ya je wurin Ilyasu, Ilyasu ya ce shi aikinsa ya yi, a sa sunan Mati. Mati ya ce shi shayi kawai ya dafa, a sa na Baba. Baba Nomau ya yi dariya ya ce shi aski ya je yi, kuma ba don yaron asibitin nan ba da bai san ana bukatarsa ba. Tasalla ta ce duka ukun iyayen yaron ne, amma suna ɗaya liman zai raɗa.

Dattawa suka zauna a kai, suka tashi ba su daidaita ba. Ba don Ilyasu ba, da har yau Sallau na cikin mari. Da Mati bai ba shi benci ya sa masa ido ba, da ciwon ya dawo. Da tsoho bai miƙa wuyansa ba, da ya warke amma ya bar garinsu ba sana'a, ba iyali.

Ga rago a ɗaure, ga liman ya zauna yana jira. To, ku faɗa mini: sunan wa za a raɗa wa yaron nan?