Hoton da Odell Ya Rataye a Saman Firji

Akwai wani dattijo a garinmu, nan bakin tafki a Mississippi, ana ce masa Odell Tarpley. In ka shiga shagon Mis Earline da safe, inda masu fatsa ke sayen ƙugiya suna shan kofi, kafin ka sami wurin zama muryarsa ta riga ta tare ka.

"Duk faɗin tafkin nan," haka yake farawa, yana nuna sama da leɓe, "babu ɗan da uwa ta haifa da ya taɓa fito da kurafi irin wancan. Daga ni an rufe ƙofa."

Hoto yake nunawa. Bangon shagon cike yake da hotunan maza riƙe da kifi, amma nasa yana can ƙololuwa, saman firji, inda sai ka taka kujera kafin ka gan shi sosai. Shi ya rataye shi da hannunsa, wai babba ba ya zama a ƙasa. Hoton bai fi tafin hannu ba, rana da hayaƙin taba sun cinye kalarsa. Amma ana ganin Odell ya washe baki, a gabansa kuma ga kurafin, wani irin kifi na tafkinmu, faffaɗa kamar faranti.

Mu nan kowa ya san dabarar hoton kifi. Ka miƙe hannuwa gaba har kafaɗa ta yi ƙara, kifi ya kusa sumbatar kyamara, sai ɗan tsito ya fito kamar ɗan maraƙi. Buford, abokinsa tun na ƙuruciya, kullum da abin da yake tsokanarsa da shi.

"Odell, a hoton nan hannunka ya fi sandar fatsarka tsawo. Da ka ƙara miƙewa kaɗan, da kifin ya shiga jihar maƙwabta."

Sai Odell ya ce a tambayi sikeli. Mis Earline da kanta ta auna, laba huɗu da ɗoriya, kuma ita ba ta ƙarya ko don ta sayar da ƙanƙara. Nan Buford yake komawa kan kofinsa.

To, kifin gaskiya ne. Ƙaryar tana wani wuri.

Odell yana da mata, Verna. 'Yar siririya ce, marar yawan magana, mai saƙa. Duk jaririn da aka haifa a cocinmu, namiji ko mace, sai ta saƙa masa hula da ulu iri ɗaya: ruwan hoda da ruwan ɗorawa, ta murɗe su tare. Guntayen da suka rage ba ta zubarwa. Ɗaure su take a jikin ƙugiya, su yi buzu-buzu kamar ƙwaro, ta jefa a ruwa.

Odell kuwa ya tsani wannan. A wurinsa, namiji da ɗan kifi mai rai yake fatsa. Ya sha faɗa a shago cewa ƙugiya mai gashi kayan mata ce, ranar da aka gan shi da ita a ɗaura masa ɗankwali.

Wata safiya a watan Maris, lokacin da kurafi ke hawowa gefen ruwa don yin ƙwai, suna cikin kwale-kwale su biyu. Shi a gaba, tun fitowar rana ko motsi bai ji ba. Ita a baya, jakar saƙa a gindin ƙafarta. Sai sandarta ta lanƙwashe kamar za ta karye.

Verna ba ta yi ihu ba. A hankali ta riƙa jan kifin, domin leɓen kurafi kamar takarda yake, ka yi gaggawa ya yage. Da ya taso, Odell ya sa raga ya kwashe shi. Ya miƙa mata kyamara, ya ce ta ɗauka maza kafin sheƙinsa ya tafi, shi zai riƙe mata don ya fi ta ƙarfi. Ko ƙugiyar bai tsaya cirewa ba sai da ta ɗauka.

Da suka iso shago, maza suka yi caa a kan sikeli. Buford ya dubi Odell ya ce, "Kai ka kamo wannan?"

Odell ya dubi Verna. Verna tana duban takalminta.

Ya ce, "To, wa kuma?"

Shi ke nan fa. Kalma uku, amma shekara da shekaru yana yi musu bauta. Kowace shekara labarin sai ya ƙara ƙiba. Kifin da aka fito da shi cikin natsuwa ya koma wanda ya ja kwale-kwale har gindin gada. Verna tana zaune a gefe in yana bayarwa, allurar saƙarta na tafiya, ba ta taɓa cewa uffan ba. Wani lokaci ma ita ke tuna masa inda ya tsallake.

Sai ciwo ya kama ta. Irin wanda likita ke cire tabarau kafin ya yi maka bayani.

Wata rana da la'asar suna zaune a baranda, ta rame har zoben aure ya daina zama a yatsarta. Ta ajiye saƙar a cinya ta ce, "Tsoho, abu ɗaya nake so. Kafin in tafi, ka kai ni shagon Earline in ga sunana a ƙarƙashin kifin nan. Ko da fensir ne."

Odell ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce haba, ina za ta tafi, ai sai ta binne shi tukuna. Ya ce ta bari kakar kifin bana ta wuce, shago ya rage cika, don in su Buford suka ji yanzu, ba zai ƙara shan kofi cikin kwanciyar hankali ba.

Verna ta ce, "To." Ta ɗauki saƙarta.

Kakar kifi ba ta wuce ba. Verna ce ta wuce.

Bayan an binne ta, Odell ya sa biro a aljihun rigarsa. Yakan tashi da safe da niyyar yau zai taka kujera, ya sauko da hoton, ya rubuta. Sai ya shiga ya tarar da maza sun cika, kowa na tausaya masa. Don su faranta masa rai, sai wani ya ce, "Odell, ba mu labarin kifin nan mana." Shi kuma sai ya bayar. Ya fito ya zauna a mota, ya kifa kai a kan sitiyari, biron na tokarar ƙirjinsa.

Duk shekara cocinmu kan yi taron suyar kifi a filin bayansa. Kurafi cikin garin masara, burodin masara, kabeji, shayi mai ƙanƙara, tebura a jere ƙarƙashin bishiyoyi. Wannan ne na farko babu Verna.

'Yarsu Charlene ta zo daga birni. Tana kwashe kayan uwarta ta ci karo da fim ɗin tsohuwar kyamarar, ta ga hanyar da za ta sa ubanta ya yi murmushi. Ta kai aka wanke hoton sabo, aka buɗa shi ya kai girman taga, aka sa gilashi da katako, aka manna ɗan ƙarfe a ƙasa da sunansa. Ita ba ta san kan fatsa ba, ba ta ga komai a ciki ba sai babanta da kifinsa.

Da aka ci aka ƙoshi, Fasto ya buga cokali a kofi, ya ce Ɗan'uwa Odell ya matso gaba, 'yarsa na da kyauta. Odell ya taso yana gyara wando. Har ya fara, "Wato ranar nan, iska tana kaɗawa daga kudu..." Charlene ta yaye zanen da ta rufe hoton da shi.

Aka yi tafi. Sai tafin ya fara mutuwa daga teburin gaba.

Kun tuna miƙe hannu? Odell ya miƙe shi da gaske a ranar. Bakin kifin ne ya fi komai kusa da kyamara, yanzu kuma ya kai girman kwano. A gefen leɓensa ga ƙugiya ta maƙale, buzu-buzu, kalarta fes kamar yau aka ɗaura. Ruwan hoda da ruwan ɗorawa, a murɗe tare.

Babu wanda ke wurin da bai san ulun nan ba. Rabin mutanen sun sa shi a ka suna jarirai. A tebur na biyu ma akwai wata mai jego, ɗanta sanye da hular ƙarshe da Verna ta gama.

Mis Earline ce ta yi magana, a hankali, kamar mai gaishe da wanda ya daɗe bai zo ba. "Wannan ai ulun Verna ne."

Kowa ya juya wajen Buford, don shekara nawa yana jiran rana irin wannan. Buford bai yi dariya ba. Hularsa ya cire, ya riƙe a ƙirji.

Charlene ta dubi hoton, ta dubi ubanta. Ta ce, "Baba, wa ya kama kifin?"

Odell ya matsa kusa da hoton. Ya sa hannu a aljihu ya zaro biron nan. Ya durƙusa a kan ciyawa gaban hoton, gaban Fasto, gaban garin duka, ya fara rubuta sunanta a ƙarƙashin kifin.

Biro ba ya kama gilashi. Ya rubuta, ya goge da hannun riga, ya sake rubutawa. Hawaye na ɗiga a kan katakon, shi kuma yana ta maimaitawa, babu ko ɗigon tawada da ya zauna.

Darasi: Yabon da yake na wani, ka miƙa masa tun kunnensa na ji. Wanda ya rufa maka asiri don yana ƙaunarka, kada ka mai da shirunsa kujerar zamanka, domin "bari sai gobe" ba ta san ranar jana'iza ba. In akwai Vernar da ke zaune a bayan kwale-kwalenka, yau ka faɗi sunanta a gaban mutane. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman masu dogon hannu a hoto.