Tsohon Kwaɗon da Aka Bar wa Kawu

Akwai wani mutum mai kula da shafin intanet na wani ƙaramin asibiti. Ta nan marasa lafiya suke rubuta wa likita abin da bakinsu ya kasa faɗa. Kwamfutar da ke riƙe da shafin, wadda ake kira sabar, takan kulle kowane saƙo da wani irin kwaɗo kafin ya kama hanya, don kada wani ya karanta a tsakani.

Da labari ya zo cewa mugaye sun gano yadda ake ɓalle tsohon kwaɗon, sai mutumin ya gyara saitin. Ya sa sabo mai ƙarfi, ya cire tsohon.

Kashegari kawunsa, wanda ya samo masa aikin, ya shigo rai a ɓace.

"Kai, me ka taɓa? Shafin ya ƙi buɗewa a wayata."

"Kawu, wayar ce ba ta san sabon kwaɗon ba. Sai dai a canza ta."

"Wayar da ta girmi gemunka? Mayar mini yadda yake!"

Kunya ta kama mutumin. Ya ce a ransa, ai mutum ɗaya ne. Ya mayar da tsohon kusa da sabon.

Amma sabar ba ta san Kawu ba. Duk wayar da ta ce tsohon kaɗai ta iya, sai sabar ta sauko ta kulle mata saƙo da tsohon. Wani mugu kuwa ya shiga tsakani, yana faɗin haka a madadin wayoyin mutane, yana ɓallewa yana karantawa. Cikin saƙonnin har da na wata mai tuyar masa. Mugun ya baza shi, kafin a ankara kasuwa ta san ciwonta. Ta zauna gaban tanda, masa tana hucewa, ba mai saye.

Ga ma'anar misalin. Sabon kwaɗon shi ne tubanmu. Tsohon kuwa halin da muka bari saboda kunyar wani. Na yi shekaru ba na gari, na dawo na tarar an yi wa coci sabon rufi, amma benci na baya har yanzu a nan ake yanka mutane da gulma, domin ba mai iya ce wa babba ya yi shiru. Mukan ce don mutum ɗaya ne. 'Yan'uwa, Shaiɗan ba ya wahalar da kansa da sabon kwaɗo, tsohon yake tambaya. Kuma ba mai kunyar ne yake shan wuyar ba. Kawu yana nan da wayarsa lafiya lau. Matar ce ta kife tanda.