Harafin da Injin Bai Sani Ba

Akwai wani mutum wanda mahaifinsa ya tsufa yana koyar da Helenanci, wato harshen Girkawa, a makarantar horar da fastoci. Da ciwon ajali ya kama tsohon, sai ya roƙi abu ɗaya: a rubuta kalmar Helenanci mai nufin "Mai Tsarki" a kan dutsen kabarinsa, a bisa sunansa. Kalmar tana farawa da babban harafin Alfa, mai 'yar ƙaramar alama a kansa.

Bayan rasuwar, ɗan ya zauna gaban kwamfutarsa don ya shirya rubutun da za a kai wa masu sassaƙa. Duk haruffan suka fito, ban da wannan na farko. Mutumin kuwa ya san cewa kwamfuta ba ta duban siffar harafi. Kowane harafi yana da lambarsa wadda duniya ta amince da ita, da lambar ce na'ura take gane shi. Amma neman lambar ya yi masa nisa, ga shi ya iya zane. Sai ya zana harafin da hannunsa a cikin kwamfutar, ya liƙa masa wata lambar da babu mai amfani da ita. Harafin ya fito tsaf, har ya fi 'yan'uwansa kyau.

Yayarsa Dinatu ta tsaya a bayansa, ta ce, "Auta, wannan na gaskiya ne?"

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, sa tabaranki ki duba. Kin ga bambanci?"

Ta duba, ta daɗe. Ta ce, "Ni dai ban gani ba."

"To, wa zai gani?"

Ya aika da rubutun birni, inda inji yake sassaƙa dutse bisa ga abin da kwamfuta ta ba shi. Bai bi sawu ba. Aka kawo dutsen a naɗe cikin farin ƙyalle, aka kafa shi a rufe, gama al'adar ikilisiyarsu ce ba a buɗewa sai dangi sun taru.

Ranar buɗewa, da hantsi, aka yi waƙa, aka yi addu'a. Sa'an nan mutumin ya janye ƙyallen. Waƙar da mata suka soma ta mutu a bakinsu. Sauran haruffan suna nan daidai, amma a wurin na farko injin ya haƙa wani dogon akwati mai kusurwa huɗu, babu kome a cikinsa. Injin ya karanta lambar, bai san ta ba, ya sa alamar da yake sa wa abin da bai sani ba. Masu aikin ba su jin Helenanci, suka ɗauka haka harafin yake.

Mahaifiyarsu, wadda idonta ya mutu tuntuni, ta ce a kai ta ta taɓa. Ta bi dutsen da yatsa a hankali, har yatsan ya faɗa cikin ramin, ya zagaya kusurwa huɗun, ya tsaya.

Ta ce, "Auta, wannan ƙaramin kabarin na wane ne?"

Mutumin ya dubi akwatin, sai ya ga kamar shi ake jira a ciki. Dutse kuwa ba ya goguwa.

Ma'anar wannan misali ita ce, harafin nan rayuwar mutum ce. Yana yiwuwa ka zana wa kanka siffar mai bi: ka iya waƙoƙi, ka san lokacin sunkuyar da kai, ka zauna a layin gaba. Mu da muke tare da kai ba za mu gane ba, domin ido ne kawai muke da shi, kamar Dinatu. Amma Ubangiji ba siffa yake karantawa ba. Ya san nasa ta wurin tuba da bangaskiyar da ke cikin zuciya, wannan kuwa ba a ƙirƙira shi a gida. Rana tana zuwa da za a janye ƙyallen a gaban kowa. Ya ku ƙaunatattu, yau ana iya gyara. Kowa ya tambayi kansa kafin ya fita daga ɗakin nan: in an karanta ni a ranar, za a san ni?