Ruwan Kwamfutar Dokta Aondover

Akwai wani malamin jami'a, Dokta Aondover, da ya shekara tara a Turai yana nazarin abu guda: yadda ake sa ruwa ya yi gudu a cikin kwamfuta tamkar na gaske. In ya kunna maka, har ƙafa za ka janye kar ta jiƙe. Littafi ɗaya ya rage masa ya zama farfesa, kuma aikin duk yana cikin kwamfutar.

A 2006 ya dawo Lafia zai gina gida a Azuba, ya ɗauko mahaifiyarsa, Mama Ngodoo, daga Ashige don ta huta da noman doya.

Ranar haƙa tushen ginin, tsohuwa ta duƙa ta damƙi ƙasar ta murza. Ta ce wannan yashin ruwa ne ya kawo shi, nan hanyarsa ce, a matsa tudu.

Gogan naka sai ya kunna kwamfuta a gaban magina, ga ruwa shuɗi yana bin kwalbati salin-alin.

"Mama, ruwa fa na karanta. Ke doya kika sani."

Magina suka tuntsire da dariya. Ta goge hannu a zani. Aka gina gidan a nan, da kwalbatinsa, suka tare.

Abin da Dokta ya manta, ruwan kwamfutarsa tas yake. Ba ya ɗauko leda, ba ya jawo yashi da karan dawa.

Wata Talata a Agusta, yana aji, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Shara ta toshe kwalbatin, ruwa ya koma tsohuwar hanyarsa, ta tsakiyar falonsa.

Mama ita kaɗai ce a gida. Ba ta ɗauki ko ƙullin kayanta ba. Ta naɗa gammo, ta ɗora kwamfutar a ka, ta ratsa ruwa har ƙirji zuwa gidan maƙwabta. Ta miƙa musu ke nan santsi ya kwashe ta, ƙugunta ya karye.

Kwamfuta ko ɗigo bai taɓa ta ba. Dokta ya zama farfesa. Mama kuwa ba ta sake taka ƙasa ba, abin takaici.

Ran da ya kawo mata albishir, ta dube shi daga tabarma.

"Kunna mini in gani, Farfesa. Ruwan cikinta har yanzu kwalbatin yake bi?"

Ya kasa ɗaga kai.

Darasi: Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Kada digiri ya sa ka raina wanda ya raine ka. Ku tura wa 'yan bokonmu su karanta.